Gida talatin, bargo ɗaya: yadda ake haɗa ɗinkin ƙyallaye ya kwanta a gado

Wata 'yata daga garin Kuseri a arewacin Kamaru ta aiko min da tambaya, ga ta a taƙaice: "Goggo, ina wuni. Na tara ƙyallayen atamfa na ɗinka gida talatin, ina so kowanne ya tashi santimita 30 bayan haɗi. Bargon gadon aure zan yi wa ƙanwata, katifar 160 da 200 ce. Da na auna, wasu gidajen 31 ne, wasu 31 da rabi, wasu har 32. Na gwada haɗa layi biyu, kusurwoyin sun ƙi haɗuwa. Wanda na yi bara kuma bakinsa ya yi ta lanƙwasa, ya ƙi kwanciya a gado. Keken ne ko ni ce? Ta ina zan fara?"

Lafiya ƙalau, 'yata, Allah ya sanya alheri a auren. Ki ƙyale keken nan, ba shi da laifi. Ni ma Butterfly ɗin ƙafa nake takawa a shagona da ke Yelwa a nan Garwa, ya girmi wasu yaran shagon, kuma da shi nake fitar da barguna. Abin da ya same ki shi ke samun duk telan da ya baro ɗinkin riga ya shigo haɗin ƙyallaye. Mu masu ɗinkin kaya mun saba barin rara mai yawa a ciki, yau santimita ɗaya, gobe ɗaya da rabi, don in mai kaya ta yi ƙiba a buɗa mata. Jikin mutum kuma yana rufa wa tela asiri, riga ta ɗan karkace ba mai ganewa. Bargo kuwa a shimfiɗe yake, duk abin da kika yi masa sai ya tona.

Bari in faɗa miki sunayen da muke kira a shago don mu fahimci juna. Kowane murabba'in da kika ɗinka gida ne, kamar yadda kika kira shi. Siririn zirin yadin da ake sawa tsakanin gida da gida, lungu muke ce masa. Ɗan ƙaramin murabba'in da ke zama inda lunguna huɗu suka haɗu shi ne mararraba. Abin da ke zagaye bargon gaba ɗaya, gewaye. Rara kuma ita ce abin da ke saura a ciki, tsakanin layin zare da bakin ƙyalle.

Tunda 30 kike so, gidan da bai shiga haɗi ba 31 da rabi ya kamata ya zama, wato rarar milimita 7 da rabi ta kowane gefe. To ɗauki alƙalami mu yi lissafi. In ɗinkinki ya zurfafa da milimita ɗaya tak, ƙyalle biyu ya ci, na sama da na ƙasa, milimita 2 sun tafi ke nan. A ce kowane gida yana da ɗinki uku a faɗinsa, gida biyar a layi, 15. Ƙara ɗinki takwas na lunguna, 23. Milimita 2 sau 23 ya ba ki 46. Kusan santimita 5 sun ɓace a layi ɗaya, daga kuskuren da ido ba ya gani. Layin da kika ɗinka da safe hankali kwance da wanda kika ɗinka da yamma yara na kuka tukunya na kan wuta, ta yaya kusurwoyinsu za su haɗu?

Saboda haka kafin ki taɓa gidajen, ki fara da gwada hannunki a keken. Yanki ziri uku, faɗin kowanne santimita 5, ki haɗa su gefe da gefe, ki goge. Na tsakiya ya tashi 3 da rabi, duka ukun a haɗe 12. In ya gaza, ɗinkinki ya yi zurfi. In ya zarce, bai kai ba. Ki yi ta maimaitawa har ya fito. Ranar da ya fito, ki liƙa salatef ninki uku ko huɗu a kan farantin keken, daidai inda bakin ƙyalle ke bi, ya zama ɗan tudun da ƙyalle zai riƙa gogawa yana wucewa. Zare ki sa mai ruwan toka, yana ɓuya a kowace kala, ɗinkin kuma ƙanana, wajen milimita 2 kowane taku. In kina kallon bidiyon Amurkawa a YouTube, ki sani da inci suke lissafi: rararsu kwatan inci ce, milimita 6 da 'yan kai, gidansu na inci 12 kuma ya kusa santimita 30 da rabi. Ki kalli yadda suke riƙe ƙyalle, lissafinsu ki bar musu, in kin gauraya da naki kin shiga uku.

Sai gyaran gidaje. Wuni guda zai ci miki, kuma shi ne aikin da kowa ke son tsallakewa. Ki je wurin mai yanka gilashin taga ya yanka miki murabba'i 31 da rabi, ya goge masa baki kada ya yanke ki. Gilashi ya fi kwali, don kina ganin abin da ke ƙarƙashinsa, kuma gefensa ba ya cinyewa. In ba hali, kwali mai kauri ma ya yi. Kafin ki biya shi ki auna daga kusurwa zuwa kusurwa, ta ɓangarorin biyu duka 44 da rabi za ki samu. In ɗaya ta fi ɗaya, a karkace yake. Ki ja masa layi biyu masu gicciye ta tsakiya, ki kuma zagaye shi da wani layin milimita 7 da rabi daga baki. Wannan na biyun shi ne inda zare zai bi.

Kowane gida ki fara goge shi sosai ta fuska kafin ki ɗora gilashin. Sau da yawa gidan da ake ce wa 31 ba gajere ba ne, wani ɗan ninki ne ya maƙale a bakin ɗinki, da an danna masa dutsen guga sai ya saki milimita biyu ko uku. Wanda ya tsaya a 31 bayan guga ma bai mutu ba. Ki daidaita tsakiyarsa da tsakiyar gilashin, ki sa alama ta bayansa inda zare ya kamata ya bi, ki ɗinka a kan alamar ko da bakin bai kai ba. Rararsa za ta zama milimita 5, tana riƙewa. Abin da ya gaza milimita 4 ne ba na yarda da shi, wanki biyu zai zare. Wannan sai an farke.

Masu 32 sun fi yaudara, don hannu na ƙaiƙayin a datse su kawai. In gidan murabba'ai ne zalla, ki zagaye gilashin da ɓarin sabulu mai kaifi ki datse, ba komai. Amma in akwai masu kusurwa uku da tsininsu ke kallon baki, ki duba tukuna: tsinin yana kan layin ciki na gilashin ko ya wuce shi? In ya wuce, datsewa za ta sa haɗi ya guntule masa kai, tauraronki ya fito ba tsini. Maganinsa ki juya gidan, ki nemo ɗinkin cikin da bai kai zurfi ba, ki bi ta gefensa da wani layin zare. Ba sai kin farke tsohon ba.

Akwai maganar yadi da zan yi miki tun ba ki je kasuwa ba. Mu da ke ƙasar auduga, ga kamfanin auduga na Sodecoton a nan Garwa, ga na Cotontchad a Mundu ta ƙasar Cadi, amma buhun ƙyallen tela rabinsa roba ce. Ki zari ɗan zare daga kowace atamfar da kike shakka ki kunna masa ashana. Auduga tana warin takarda mai ƙonewa, tokarta na murmushewa a yatsa. Roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri. Ba na ce ki cire gidajen da ke da roba ba, amma ki san su, don dutsen gugar da auduga ke so zai ƙona su. Sannan ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kan ja da shuɗi mai duhu, musamman in akwai rinanniyar shadda a ciki. Wanda ya zuba, ki fitar da shi yanzu da yake gida ɗaya ne.

Game da wanki kuma, ƙyallen da aka kwaso daga ƙasan teburin tela bai taɓa ganin ruwa ba. To yadin da za ki saya na lungu da gewaye shi ma kada ki wanke shi. In kin wanke gewaye ya gama shan ruwansa, gidaje kuma ba su sha ba, ranar wankin farko tsakiya za ta tsuke ta bar baki yana lilo. Ko duka wankakku ko duka sababbi. Bargo na gaba ki wanke ƙyallayen tun kafin yanka, ya fi kwanciyar hankali.

Da ni ce ke, lungu zan sa. Gida biyar a faɗi, shida a tsawo, ba lungu, 150 da 180 ke nan, ko saman katifar bai rufe ba. Ban da haka, atamfa mai surutu ce, in talatin suka haɗu kafaɗa da kafaɗa ido ba ya samun wurin hutawa. Uwa uba, lungu yana raba ɗinkin cikin wannan gida da na maƙwabcinsa, ba wanda zai ga sun saɓa da milimita biyu. Ki nemi yadin auduga mara zane mai kauri irin na atamfar. Fari yana da kyau ranar kai amarya, amma ke kin san ƙurar Kuseri. Ni shuɗi mai duhu ko ruwan ƙasa nake zaɓa.

Lungun ya tashi santimita 5, wato ki yanka 6 da rabi a faɗi, 31 da rabi a tsawo, guda 49: 24 masu tsayuwa tsakanin gidaje, 25 masu kwanciya tsakanin layuka. Mararraba guda 20, kowace 6 da rabi da 6 da rabi, kuma a nan ne za ki iya sa wata kala mai haske guda ɗaya ta riƙa leƙowa. Wasu suna gudun mararraba, sai su shimfiɗa dogon ziri ɗaya tsakanin layi da layi. Ya fi sauri, amma ba abin da ke nuna miki gidan sama ya hau daidai kan na ƙasa, sai kin tsaya nesa ki ga lungunan sun yi tafiyar maye. Mararraba ita ke tilasta musu su tsaya a sahu. Ki yanka duka 49 ɗin da ma'auni ɗaya, kuma in gida da lungu suka yi gardama, lungu ne mai gaskiya, gidan ne zai bi shi.

Ki shimfiɗa tsohon zanen gado a tsakar ɗaki, ki rufe ƙofa saboda iska da yara, ki jera gidajen. Ki hau kujera ki ɗauki hoto da waya, ki mai da hoton baƙi da fari. Kala tana ruɗin ido, amma a baƙi da fari nan take za ki ga inda masu duhu suka taru a kusurwa ɗaya. Ki yi ta musanyawa har ranki ya kwanta, sannan ki maƙala wa kowane gida 'yar takarda da fil a kusurwar sama ta hagu: layi na nawa, gida na nawa. Kada ki ce za ki tuna.

Haɗin kansa ba wuya in an yi waɗancan. Kowane gida ki ɗinka masa lungu a damansa, ban da na ƙarshen layi, sannan ki haɗa su layi-layi. Sai layukan lungu zalla guda biyar: lungu, mararraba, lungu, mararraba, har lungu biyar da mararraba huɗu. Yanzu ga sirrin da ke sa kusurwa ta haɗu. A layin gidaje ki kwantar da kowace rara ta kalli lungu. A layin lungu ma ki kwantar da ita ta kalli lungu, ta ba wa mararraba baya. In kin kifa layi a kan layi, rarar sama za ta kalli gabas ta ƙasa ta kalli yamma, su tokari juna su kulle. Ki murza wurin tsakanin babban yatsa da manuni: in ya kulle za ki ji shi sumul, in akwai rami sun rabu, in akwai tudu sun hau juna. Nan za ki fara soka fil, a kowace mahaɗa, kafin ki sa a tsakiyar gidaje. In fil ya yi miki ƙaranci, ki kama mahaɗar da allurar hannu taku biyu-uku, daga baya ki zare.

In wani gidan ya ɗan fi lungunsa tsawo, ki sa shi a ƙasa. Haƙoran keke suna jan ƙyallen ƙasa fiye da na sama, za su shanye miki milimita biyu zuwa uku ba tare da tattara ba. Kada ki haɗa layi na ɗaya da na biyu, ki ƙara na uku, ki ƙara na huɗu, kina jan kaya yana ƙara nauyi. Ki haɗa su biyu-biyu, sannan ki haɗa manyan guntayen uku. Wannan ɗinkin ki faro shi daga hagu, na gaba daga dama. In duka ta gefe ɗaya kika faro, bargon zai lanƙwashe kamar lauje. Ki ajiye kujera ko ƙaramin tebur a hagunki ya ɗauke nauyin, don abin da ke rataye yana jan wanda ke ƙarƙashin allura.

Guga kuma, ki manta da irin ta riga. A nan ɗorawa ake yi a danna a ɗaga, ba a turawa. Turawa tana miƙar da ƙyalle, balle wanda aka yanka a karkace, kuma in kin yayyafa masa ruwa kin tura, ya tafi ke nan ba ya dawowa. Mai dutsen gawayi ta hure toka a waje, ta ɗora wani ƙyalle a kai in ta zo kan masu haske.

Yanzu mu zo kan gewaye, inda bargonki na bara ya ba ki kunya. Ban gan shi ba, amma zan iya rantsewa ga abin da kika yi: kin yanko dogon ziri, kin ɗora a bakin bargon, kin taka keke har ƙarshe, kin datse abin da ya rage. Na sani ne don ni ma haka na yi a babban aikina na farko. Wata baiwar Allah ce ta ba ni na gadon 'yarta, saura kwana biyu kai kaya. Na gama na shimfiɗa a tabarma ina jiran yabo, sai ga baki ya tashi yana kaɗawa kamar ganyen salak. Na danna nan, can ya tashi. Na jiƙa na goge, ya ƙara. Da na sa tef, gefen dama ya fi na hagu da santimita 6, kuma dukansu sun fi tsakiya. Daren nan da reza da fitila na kwana, ina farke ɗinkin da ya fi mita takwas, ina tsince guntayen zare da yatsu, har aka kira assalatu.

Dalilin shi ne bakin bargo ya fi ko'ina saki. Ƙarshen ɗinkuna duk a nan suke, an ɗaga shi an ja shi sau ɗari, ya miƙe. In kin ɗora masa ziri ba awo, zirin zai bi miƙewar, keke ya ƙara masa, ki wayi gari baki ya fi ciki tsawo. Abin da ya fi wurinsa tsawo kuwa dole ya lanƙwasa. Gewaye aikinsa ya kama bakin ya mai da shi daidai da ciki, saboda haka daga ciki ake ɗauko awonsa.

Ki shimfiɗa bargon a daɓe mai laushi, ki lallashe shi da tafin hannu ba tare da ja ba. Ki auna tsawonsa wuri uku: ta tsakiya, da ta cikin layin gidaje na dama, da na hagu, amma ba a kan baki ba. In komai ya tafi daidai, 206 da rabi za ki gani, faɗi kuma 171 da rabi. Ba lalle ki samu hakan cif ba, kuma ba shi ne abin damuwa ba. Abin dubawa shi ne ukun su kusanci juna. In bambancinsu bai wuce santimita ɗaya ba, ki ɗauki matsakaicinsu. In ya haura ɗaya da rabi, ki ajiye almakashi, akwai ɗinkin da ya kauce a ciki, ki nemo shi. Gewaye yana gyara ƙaramar ɓarna, babba kuwa fito da ita yake yi.

Gewaye biyu nake ba ki shawara. Na ciki siriri, santimita 4, da yadin lungun. Ki yanka shi 5 da rabi. Na waje mai faɗi, 18, da atamfa guda ɗaya da ta ɗauko kalolin cikin; ki yanka 19 da rabi. Da su bargon zai tashi 214 da 249. A katifar 160 zai sauko santimita 27 ta kowane gefe, ya sauko ta ƙafa, ya kuma bar abin rufe matashi.

Ki fara da dogayen gefuna. Ki ɗora ziri biyu a kan juna ki yanka su tare, tsawonsu daidai da awon da kika ɗauko. Ki ninka zirin biyu, ki sake ninkawa, ki sa alama a rabi da kwata-kwata. Bakin bargon ma ki raba shi haka. Alama ta hau kan alama, fil a kai, fil a ƙarshen biyu, sannan ki cike tsakani, kamar faɗin hannu tsakanin fil da fil. Za ki ga bakin bargon ya ɗan yi ciki tsakanin fil, ya fi zirin yawa. To wannan cikin shi ne ganyen salak ɗin bara, kin kama shi tun bai fito ba. Ki sa bargon a ƙasa, zirin a sama, haƙoran keke su shanye shi. Ki goge rarar ta kalli gewaye. Sai ki sake shimfiɗawa ki sake auna faɗi wuri uku, har da zirin da kika sa, wajen 179 da rabi, ki yanka na sama da na ƙasa tare. Gewayen waje ma haka, awo sabo: dogayen wajen 214 da rabi, na sama da ƙasa wajen 215 da rabi. Lambobin nan nawa na takarda ne, na tef ɗinki za ki bi.

Ta ina za ki yanko zirin? Ki kama atamfa ki ja ta ta tsawonta, ba ta motsi. Ki ja ta faɗi, tana ɗan ba da kai. Ki ja ta kusurwa, kamar roba. Masaƙan gargajiya sun san wannan tun tuni, shi ya sa murzajjen zare suke miƙewa a tsaye, abawa mai laushi ta bi ta kwance. Gewaye ta tsawo ake yanka shi, a jere da bakin atamfa, bayan an cire bakin nan mai rubutun kamfani, don ya fi sauran tauri kuma tsukewarsa daban. A nan mutane ke yin asara: zane ɗaya yadi biyu ne, santimita 183, bai kai 215 ba. Ki sayi rabin turmi, yadi uku, 274 ke nan. Ziri huɗu na 19 da rabi santimita 78 za su ci a faɗin atamfar, abin da ya rage ya ishe ki naɗe baki a ƙarshe. Ki zaɓi mai zanen da ba shi da sama da ƙasa, don wadda tsuntsayenta ke kallon gefe ɗaya za su tsaya a nan su kwanta a can. Mai hoton fuska ko rubutu, irin ta taro da ta ranar mata, 8 ga Maris, ki bar ta a cikin gidaje inda aka yayyanka ta, ba a gewayen gadon amarya ba. Siririn gewayen ciki in yadin bai kai ba ana iya yi masa ƙari, amma ki haɗa ƙarin a karkace, ya fi ɓuya kuma ba ya tudu.

Akwai kusurwar da ake haɗawa a karkace kamar ta firam ɗin hoto, tana da kyau ƙwarai in atamfar mai layi-layi ce. Ana yanka kowane ziri ya fi gefen da faɗin gewaye sau biyu da ƙarin santimita 10, a tsayar da ɗinki milimita 7 da rabi kafin kusurwa, a ninka bargon kusurwa-kusurwa, a bi layin ninkin a ɗinka. Ki bar ta sai bargo na uku, ranar biki ba ta jiran mai koyo.

In kin gama, ki auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu. In sun zo ɗaya ko sun kusa, bargon ya tsaya. Ki zagaye bakinsa duka da ɗinki milimita 3 daga gefe, don kada ƙarshen ɗinkuna su buɗe yayin ɗauka da ajiyewa. Ki juya bayansa ki tsince zaruruwa, musamman baƙin zaren da ya kwanta bayan ƙyalle mai haske, don in an rufe shi zai riƙa hangowa kuma ba hanyar ciro shi. Kada ki wanke shi a wannan matakin ko da ya yi ƙura, kakkaɓewa kawai, wanki sai an sa masa baya.

Yadin baya da abin da za ki sa a ciki, ki yanka su su fi fuskar da santimita 10 ta kowane gefe. Kada ki cika masa kauri. Sanyin Kuseri na Disamba da Janairu ne, sauran watannin ado bargon zai yi wa gado. Tsohon zanen gado mai laushi a tsakiya ya isa. In kuwa sai kin sa auduga, ki tuna lifidin dawakin lamido ranar hawan salla, yadda ɗinkinsa ke kusa-kusa, layi bayan layi. Audugar da ba a kama ta haka ba, wanki ɗaya za ta tattaru ta dunƙule a kusurwa. Wannan kuma zance ne na wata rana.

Yau dai ki je wurin mai gilashi. In kin haɗa tsakiyar, kafin ki sa almakashi a atamfar gewaye, ki turo min awon nan uku na tsawo da uku na faɗi in gani. Ki gaida min amarya.